Injiniyan da Ya Bi Zarena

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ina goge tagar ɗakin magani, babbar nas ta tsaya a bayana ta ce, "Baba, Injiniya ya rasu." Na ajiye tsumma na zauna a ƙasa. Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa.

Injiniya, shekara ashirin da biyu ina sharar asibitin nan, har da ɗakin sanyi na ƙarƙashin bene inda Tsohuwa take. Ga wanda bai sani ba, Tsohuwa ita ce na'urar da wayoyin duk kwamfutocin asibiti suke haɗuwa a jikinta. In ta tsaya, ba a buɗe katin majiyyaci, sakamakon gwajin jini ba ya isa ga likita. Tun ranar da tsintsiyata ta fizge waya ɗaya aka wanke ni tas a gaban jama'a, na shiga ɗaura wa kowace zare: ja na ɗakin tiyata, kore na gwaji, baƙi mai ƙulli biyu na ɗakin haihuwa. Duk sabuwar wayar da aka ja, sai na bi ta da ƙafa na ga inda ta ƙare. An yi mini dariya. Na san masu dariyar ɗaya bayan ɗaya.

Da Tsohuwa ta fara ɗaukewa, aka sayo sabuwa. Shugaban asibiti ya ce minti goma kacal ya ba ku ku sauya ta, safiyar Lahadi, don na kwance ba sa jira. Mutanen kamfani suka zo dubawa, suka tarar rubutun jikin wayoyi ya goge, taswirarsu kuma tsohuwa ce. Babbansu ya dube ni ya ce, "Tsoho, ɗan ba mu wuri."

Kai kuwa, injiniyan asibitinmu, ka ce, "In ya fita, tare za mu fita."

Kwana uku kana tsugune kusa da ni da littafi. "Baba, wannan fa?" In faɗa, ka tashi ka je ka gwada. Gwajin nan ya ɓata mini rai, kamar ni maƙaryaci ne. Amma gaskiya ka kama kuskure ɗaya: shuɗin da nake cewa na sito ne, ashe an mai da shi ɗakin jarirai lokacin da nake jinyar ƙafa. Ba ka faɗa wa kowa ba.

Ka kafa sabuwar a saman Tsohuwa, ka kunna ta, ka shirya ta tsaf tun Juma'a, ya rage cire waya da sokawa. Ran Lahadi ina kiran launi kana sauyawa: tiyata, haihuwa, jarirai, gwaji. Ofishin shugaba muka bari ƙarshe. Shawarata ce, kuma ban yi nadama ba. Minti bakwai aka gama. Nas-nas ɗin sama ba su ma san an yi ba.

Wasiƙar yabo kamfani aka rubuta wa. Wannan na bar su da Allah. Wanda ya fi ci mini rai naka ne: bayan mako ɗaya ka sa almakashi ka yanke zarena duka, ka liƙa rubutattun takardu. Wata biyu ban amsa gaisuwarka ba. Ka tare ni a bakin bene ka ce, "Baba mai taurin kai, ran da ba ka nan fa, wa zai karanta zare?"

Na ce, "Ina za ni?"

Ka yi dariya ka wuce. Ashe kai ne mai tafiyar. Jiya wanda aka kawo a madadinka ya shiga ɗakin, ya karanta takardunka, bai tambayi kowa komai ba. Kai ke da gaskiya. Ban faɗa maka kana da rai ba, to ga shi na rubuta. Na yafe maka zarena, ka yafe mini wata biyun nan.

Allah ya jiƙan ka, ya sanyaya makwancinka, ya sa aljanna ce gidanka. Ga mahaifiyarka, da matarka, da 'ya'yanka uku, Allah ya ba su haƙuri, ya tsaya musu kamar yadda ka tsaya wa mai shara ranar da aka ce ya fita. Amin.