Gajiyar da Ta Kama Ni a Titin Alabar

Lokacin da ake yi mini ƙarin ruwan maganin sankarar mama, na san zuwan gajiyata da tafiyarta. Ranar da aka sa mini ruwan, ɗaci kawai nake ji a baki. Can sai gajiyar ta sauko, ko buta ba na iya ɗagawa. Kafin lokacin komawa asibiti ya zagayo sai ta ɗan sake ni, har in zauna a zaurenmu na unguwar Aboabo in saurari matan da nake koya wa karatun Alƙur'ani.

Da aka gama maganin na ɗauka mun rabu ke nan. Gashi ya tsiro, mata suka daina rage murya idan na shigo. Mijina, Malam, ya yanka rago aka yi sadaka. Watanni suka shuɗe a haka.

Sai wata safiya na tashi gaɓoɓina kamar an ɗura musu yashi. Ban gaya wa kowa ba, don na san abin da za su fara tunani, ni ma shi nake tunani: ciwon ya dawo. Washegari na tashi garau. Gajiyar ta riƙa zuwa tana tafiya, yanzu kuma ba ta da rana.

Ranar da na ji ƙarfi sosai na ce zan je unguwar Alabar sayen yadi. 'Yata tana kan keken ɗinki, jaririyarta na ta kuka, sai na goya jaririyar. Na ɗaure zanen ƙasa da tabon aikin da aka yi mini a ƙirji, don ba ya son matsi.

"Mma, ki bari in raka ki."

"Zauna ki gama ɗinkinki. Ni ba majinyaciya ba ce."

Na sauka daga tasi, na fara tsallaka titi. Ina tsakiya gajiyar ta kama ni. Ba jiri ba ne, ina ganin komai sarai, ƙafafuna ne suka ƙi ɗaguwa. Babura suna wucewa ta gabana da bayana, wani direba yana ta danna oda. Sai na ji zanen yana saki, yarinyar tana zamewa ƙasa. Na kai hannu ga ƙullin, yatsuna suka kasa ja. Na duƙa don kada ta faɗi, na ce, "Ya Allah, ba a nan ba."

"Hajiya, kar ka motsa!"

Wata Ba'asantiya ce mai gasa ayaba a bakin titi, Hausarta ba ta nuna ba. Ta bar wutarta ta shigo cikin motoci da hannu a sama, ta tallabe yarinyar, ta ja ni muka fita. Ta turo mini kujerarta tana cewa da yarensu "tena ase", wato in zauna. Da na ɗan huta, ita ta tare mini tasi.

A gida na faɗa musu komai. 'Yata ta karɓi jaririyar. Malam ya tambaye ni tun yaushe, na faɗa, ya ce sai mu koma asibiti.

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, muka koma jira. A kwanakin nan ko wayar gidan ce ta yi ƙara sai in ɗauka daga asibiti ne.

Likitar ta duba sakamakon ta ce babu alamar ciwon. Na ce, to wannan fa? Ta ce gajiyar ba ta tafiya rana ɗaya da magani. Wasu matan tana sakinsu da wuri, wasu tana komowa ta daɗe tare da su. Ta ce in riƙa ɗan tattaki, in kuma faɗa duk sanda ta canza.

Har yau tana zuwa, sai dai ba kamar da ba. Idan na tashi da ita, a kishingiɗe nake sauraron karatun matan, wani lokacin a tsakiyar sura in ce mu tsaya nan sai gobe.