Alkamar da Tsatsa Ta Bari

Jiya a kasuwar Gidan Rumji na damƙi alkama a hannu, sai Baba ya faɗo mini a rai.

Shekarar samun 'yancin kai tsatsa ta cinye mana alkama a fadama. Ganye ya yi ja, in ka taɓa sai gari ya manne a yatsu. Baba ya durƙusa yana ɗaura kaba a 'yan zangarnun da cutar ta bari.

Na ce, "Baba, wa wannan za ta ƙosar?"

Ya ce, "Ta iri ce, ɗiyata. Wadda ta jure, 'ya'yanta ma za su jure."

Sun jure kuwa. Amma kafin su nuna muka rasa shi, ko loma bai ɗanɗana ba.

Allah Ya sanyaya makwancinsa.