Kwana Ashirin da Uku Ba a Ji Turmin Dommo Ba

Duk wanda ya girma a Bangu-Kwara, nan gaɓar kogi gaba da Tilaberi, ƙarar turmin Dommo ce ta raine shi. Dakau take yi tun kafin injin niƙa ya shigo garin. Da ya shigo ma bai raba ta da sana'arta ba, don mu Zabarmawa muna da tsofaffin da za su kurɓi fura sau ɗaya su ture ƙwaryar, wai warin ƙarfe take yi. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, tafin hannunta duk kanta. Ta haifi huɗu, ƙasa ta rufe uku tun suna goye, na huɗun ya tafi ci-rani Kumasi labarinsa ya yanke. Da mijinta ya rasu, abin da ya bar mata ɗaki biyu ne da jaka mai ciki.

Jakar ba ta yi kwana uku da haihuwa ba ta mutu. Kowa ya ce ɗan ba zai yi rai ba. Dommo ta shigar da shi ɗakinta, ta riƙa ba shi nonon akuya da ƙasarin gero a ludayi har ya tsaya da ƙafafunsa. Ranar Litinin aka haife shi, sai ta sa masa suna Tinni, sunan da muke ba ɗan Litinin. Wani mai kwalekwale da shi ma sunansa Tinni ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarta a kan wannan.

Shekara goma sha huɗu suna tare. Aikinsa bai wuce jarka biyu ta ruwa daga kogi ba, sauran yinin na shagwaɓa ne. Da zarar taɓarya ta sauka a turmi, ko ina yake zai taho ya tsaya a bayanta, tana juye surfe ya cusa hanci cikin turmin yana lasar dusa. Ta tunkuɗe shi da gwiwar hannu ta ce, "Matsa, maras kunya!" Ba ya matsawa, ita ma ba da gaske take yi ba. Maƙwabciyarta Gambi, wadda zana kawai ta raba gidajensu, ita ce ba ta ga abin sha'awa a jakin ba. Ya taɓa cinye mata zogale har saiwa, kukansa kuma ya sha tayar mata da ciwon kai.

"Dommo, ki ja wa ɗan nan naki kunne," in ji Gambi ta saman zana. "Ko ki yi masa aure ya bar mana unguwa."

"Ba ni jikarki mana. Kunnuwansu ma iri ɗaya ne."

A bazarar da muke magana, Tinni ya fara haki in yana hawo yashin gaɓa da ruwa. Tsufa ne kawai da zafin rana, amma Dommo ba ta iya ganin haƙarƙarinsa na sama da ƙasa ta yi shiru ba. A wajenmu kuwa maganin jaki mai haki sananne ne tun kakanni: a tsaga masa ƙofofin hanci, iska ta sami hanya. Ta ja shi wurin Hima maƙeri. Ita da hannunta ta rungume kansa tana lallashinsa har aka tsaga. Hima ya cusa ɗanyen kashin shanu da toka a ciwon don jini ya tsaya, yadda ya ga ubansa yana yi. Babu wanda ya yi da mugun nufi, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Kwana tara bayan haka ta fara dakan safe, Tinni bai zo ba. Ta leƙa turkensa ta same shi a tsaye, ƙafafu a buɗe a sandare, wuya a miƙe, kunnuwa cirko-cirko, wutsiya a ɗage. Ta miƙa masa dusa, yana so, baki ya ƙi buɗuwa. Ta ajiye dusar. Ranar kasuwar garin da ke gaba da mu ce, ta san malamin dabbobi yana can, ta yafa zane ta kama hanya a ƙasa.

Malamin dabbobin, Malam Nomau, Bagobiri ne, shekara shida yana aiki a yankinmu, kuma tsakaninmu da Gobirawa ba a gaisawa sai da tsiyar wasa, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Ya ɗauko ta a babur. Da ta gama ba shi labari a hanya, sai ya kashe babur ɗin tun daga bakin gari ya turo shi da hannu. Ya tsaya nesa da jakin ya tafa hannu sau ɗaya. Jikin Tinni ya ɗauki karkarwa gaba ɗaya, wata farar fata ta rufo idonsa, saura kaɗan ya kife.

"Baiwata, wa ya tsaga masa hanci?"

"Ni na sa."

"Aka cusa kashin shanu, ko? Kai, Zabarmawa! Allah ya yi wa jaki hanci, ku kun ga bai iya ba sai kun gyara."

"Kai da aka tsattsage wa fuska tun daga baki har kunne, kai ne mai yi mini faɗa a kan tsaga?" Bakinta ne ya faɗa don sabo, amma idonta na kan jakin.

Nomau ya shafa zanen Gobirawa da ke kumatunsa. Ya sassauta murya ya ce, "Inna, sarƙe-haƙora ce. Ƙwayar cutar a ƙasa take da kashin dabbobi, ta ciwon nan ta shiga. Zan wanke hancin, zan riƙa zuwa ina yi masa allura kwana bakwai. Amma allura rabin magani ce. Sauran rabin duhu ne da shiru. Duk ƙarar da ya ji jijiyoyinsa za su ɗaure, wata ɗaurewar kuma ita za ta tsayar masa da numfashi. Kar ki bari ya kwanta, in ya kwanta ba zai tashi ba." Ya dubi turmin da ke tsakar gida. "Wannan fa, ko sau ɗaya."

"Har yaushe?"

"Sati uku, ko fiye. Ba kuma na ce miki zai tashi ba."

A ranar Dommo ta kifa turminta. Ta mayar wa masu gero geronsu, suka kai inji. Ta kwashe tarkacen ɗakin mijinta ta shigar da Tinni, ta toshe taga da buhu, ta saki asabari a ƙofa, ta cusa masa auduga a kunne. Ta ɗauko zanenta mai kauri na zuwa biki ta tallafo cikinsa da shi, ta ɗaure bakin zanen biyu a azara. Kunu take damawa ruwa-ruwa, ta zuba a ƙwarya ta ɗaga masa daidai baki, yana zuƙa ta tsakanin haƙora. Abin da zai shanye cikin numfashi uku a da, yanzu sai ya ci rabin safiya. Hannunta ya sage, ba ta saukewa.

Amma turminta ba shi kaɗai ne a unguwar ba. Kashegari da hantsi taɓaryar Gambi ta sauka a bayan zana, Tinni ya banƙare har azara ta yi ƙara. Dommo ta fito a guje babu ɗankwali. Shekara talatin suna maƙwabtaka ba ta taɓa roƙon Gambi ko gishiri ba, ranar ta durƙusa.

"Yaya Gambi, don Allah."

"Don jaki, Dommo? In bar jikokina da yunwa don jaki?"

"Ni na riƙe kansa aka tsaga masa hanci. Yana kallona, bai ko yi shuri ba, don ni ce. In ya mutu ni na kashe shi, kuma ba ni da kowa bayansa."

Gambi ta jingine taɓaryarta. Ta ja tsaki, ta kwantar da turminta, ta gangara shi da ƙafa har gindin gawon da ke bayan gari, tana tafe tana mita. Kafin la'asar turame biyar sun bi nata. Gambi ba ta daina kiran Tinni ɓarawon zogale ba, amma kullum sai ta turo wa Dommo tuwo ta ƙarƙashin zana, ta san babu abin da ke shigo mata.

Allurai suka ƙare, jiki bai saki ba. Rana ta goma sha ɗaya aka yi hadari da tsawa, Dommo ta rungume wuyansa tana jin naman jikinsa ya koma kamar itace, tana karanta duk abin da ta iya. Bai faɗi ba. Ta rame, ya rame. Wajen kwana goma sha takwas ta ga leɓensa yana motsi a kan ƙwarya. Ranar ashirin ya tauna jiƙaƙƙiyar dusa. Ta kwance zanen, ya tsaya da kansa.

Ranar ashirin da uku Nomau ya dawo. Ya cire audugar, ya fito da shi tsakar gida, ya lanƙwasa ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ya duba ido.

"Da alama ya tsallake. Amma ba zan rantse ba sai ya ji ƙara. Tayar da turminki."

"Ka tafa hannu mana, kamar ran nan."

"Ba da tafina zai zauna ba, baiwata. Da turminki zai zauna."

Dommo ta birkito turmin, ta kakkaɓe gizo-gizo, ta zuba gero. Gambi ta leƙo ta saman zana. Dommo da ta yi shekara arba'in tana daka, ranar taɓarya ta yi mata nauyi. Tsoro take ji ƙarara, don in ya banƙare, hannunta ne ya sake jawo masa. Ta ɗaga, ta runtse ido, ta saki.

Tinni ya juya kunne ɗaya. Ta ƙara, ta kuma ƙarawa. Sai ga shi yana tahowa, yana jan ƙafa kamar tsoho, ya zagaya ya tsaya a bayanta inda ya saba. Bai jira ta juye ba, ya cusa hancin nan mai tsaga cikin turmin, numfashinsa yana fita da ɗan fito ta inda askar ta bi.

"To tunkuɗe shi mana," in ji Gambi, tana share ido da bakin zane. "Zai cinye miki geron."

Dommo ta jingine taɓaryar. Ta ɗora hannu a kan tabon, ta bar shi ya ci.