Ranar da Kaka Ya Kira Sunan Ɗan Fari

Shekara bakwai ke nan da munka rufe kakana, Tankari Mai-radiyo, a Filinge. Ni wanda abokaina ke ce ma Sarkin Surutu a jami'ar Yamai, yau dai na riƙe waya na rasa ta inda zan fara rubuta labarinshi.

Kaka ya fara magana a radiyo zamanin soja, lokacin da sunaye ba su da yawa: mai kaki ɗaya, sai waɗanda ya naɗa. Da zaɓe ya dawo, sai ga depite rututu, wato 'yan majalisa, kowa da irin sunan gidansu: Bazabarme, Buzu, Bafillace, Bakurfaye. Samarin da sunka yi lakwal, wato boko, sai su karanta suna yadda Nasara ya rubuta shi, har uwar mai sunan ba ta gane ɗanta. Kaka bai yarda da wanga ba. Ran kasuwar Baleyara sai ya shiga mota, ya nemo mutanen garin depiten, ya tambaye su yadda suke kiran shi a gida, ya yi ta maimaitawa har su ce "wala, haka ne". Yana cewa suna linzami ne, wanda ka kira shi daidai shi ka iya juyowa ya saurare ka.

Suna guda ne bai taɓa fita bakinshi ba: na kawuna, ɗanshi na fari. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanenmu. "Wancan" yake ce mishi, ko "yaron ga", har kawu ya yi furfura.

To, sai kawu ya tsaya takara, kuma ya ci. Kaka ne zai karanta waɗanda sunka ci, ƙasarmu ta Kurfai duka ta kasa kunne. In ya tsallake sunan, ƙauyuka za su ɗauka kawu ya faɗi, ko uban ne bai sa albarka ba. In ya faɗa, ya karya abin da ya riƙe tun yana saurayi. Da safe na tsokane shi: "Tsoho, yau dai an kama ka!" Ya ce, "Tafi can, ja'iri, kai da ko sunanka ba ka iya ba."

Muna tsakar gida ni da kakata Hajo, radiyo bisa turmi. Ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya. Sai ya iso ga na kawu. Wallahi har numfashinshi mun ji. Sannan ya kira sunan kawu cikakke, da na uba, wato na Kaka kanshi, da na garinmu. Hajo ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da ya dawo ta ce, "Malam, yau kunya ta ƙare ke nan?" Ya aje hula ya ce, "Wanda na kira na Kurfai ne, su sunka zaɓe shi, haƙƙinsu ne su ji. Nawa yana nan, wancan ne." Bai ƙara faɗin sunan ba har ya koma ga Allah.

Yanzu ga kaki ya dawo, babu zaɓaɓɓun da za a kira. Mu kuwa muna ta tura murya a waya, muna yanka sunan mutane gunduwa-gunduwa, muna dariya. Mi Kaka zai ce? Ina jin zai ce mu koyi kiran juna daidai tun yanzu, don wanda bai iya sunan wakilinshi ba, ta yaya zai tsai da shi ya tambaye shi rijiyar da ya yi alkawari?

Bai bar muna gona babba ba, radiyon ma ya mutu. Amma duk sabon ɗalibin da ya shigo ɗakinmu, kafin in laƙa mishi sunan tsiya sai na ce, "Aboki, ya ake kiranka a gida?" Kawu kuwa ya ce mini kujerar ta zo ta wuce, bai yi kewarta ba. Abin da yake riƙe da shi, sau ɗaya ya ji sunanshi a bakin ubanshi, kuma an kira shi daidai.

Allah ya jiƙan Tankari, ya sa ya ji an kira shi cikin masu rahama.