Tulun da Bai Bushe Ba

A shekarun yaƙin basasa ni amarya ce a wani ƙauye kusa da Kwali, ga rawar kai ga son a ce na iya. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu da muke kira Iya ita ta koya mini ginin tukwane. Randunanta har kasuwar Abuja ta wancan zamani ake kai su.

A wurinmu mata kan haɗa tukwanensu a gasa a wuta ɗaya, kuma kowa ya san ɗanyen abu ba ya shiga, domin in ya ji wuta fashewa yake yi ya tafi da na kusa da shi. Ni kuwa na gina wani tulu da nake ɗokin surukata ta gani. Na taɓa gindinsa na ji sanyi, na san bai bushe ba, amma na faki ido na cusa shi tsakanin randunan Iya, na rufe da ciyawa. Wuta na kamawa muka ji ƙara. Da aka tone toka, randunanta sun tarwatse. Matan suka ce idon Iya ya tafi, tsakuwa ta bari a cikin yumɓu. Ba ta musa ba. Ta dubi hannayenta ta koma gida, daga ranar ta daina gini.

Wallahi na ƙware wajen wanke kaina. Na ce ai dama ta tsufa, hutu na sama mata. Na ce wa ya sani ko da gaske akwai tsakuwar? Har itace na riƙa kai mata don in ji ni mutumiyar kirki ce, amma in ta sa mini albarka sai in yi saurin barin gidanta.

Bayan damina na same ta zaune, hannayenta zube a cinya, na durƙusa na faɗa mata komai ina kuka. Na zaci tsinuwa za ta biyo baya. Sai kawai ta tambaye ni, ashe ke nan hannunta bai mutu ba? Ta kira ni ja'ira, ta ce in tashi in ɗebo mata yumɓu tun rana ba ta yi zafi ba. Ta ci gaba da gini har ƙarshen rayuwarta.

'Yan'uwana, uzurin da nake lallashin kaina da shi, Iya ce ke ɗauke da nauyinsa. In akwai wanda ya yarda da laifin da yake naku ne, ku je ku sauke masa tun yana da sauran ƙarfin komawa bakin aikinsa.