Mama Margaret da Kwalbar da Zafi Ya Kashe

"Kenan abin da kika ɗiga wa 'yata jiya ruwa ne?"

"Ba ruwa ba ne, Malam Ilyasu. Magani ne, amma zafi ya kashe shi. Sai an sake."

"Kuma ke da ƙafarki kika hawo dutsen nan ki faɗa min?"

"To wa zai faɗa maka in ba ni ba?"

A bakin famfon layinmu a Mpape, dab da ƙofar Ilyasu, na ji wannan, saura kwana tara Mama Margaret Yamusa ta yi ritaya. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana ma'aikaciyar lafiya. Kullum da hantsi takan rataya akwatin ƙanƙara, ta bi hanyoyin da ko ɗan acaɓa ba ya bi, tana ɗiga wa yara rigakafin shan-inna, tana leƙa idon masu ciki ko jininsu ya yi ƙasa. Hannah mai ƙosai ta shaida ranar da jini ya ɓalle wa maƙwabciyarta bayan haihuwa, Mama ta tsaya a tsakiyar titi ta tare tifa cike da tsakuwa, aka kai matar asibiti a gaban mota. Yau yaron da ta haifa yana aji uku.

Ga abin da ya faru jiyan. A jikin kowace kwalba akwai ɗan tambari da kan yi duhu idan zafi ya lalata maganin. Idon Mama ya yi rauni, ɗakunanmu kuma ba taga. Sai da ta gama da yara tara ta duba a hasken rana, ta ga ya yi duhu. Ba wanda ya gani sai ita. Da ta yi shiru, da an yi mata liyafa lafiya, yara tara kuma na yawo ba kariya, iyayensu na zaton akwai.

Ta sanar da ofis, sannan ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Takwas suka amince. Saura Ilyasu mai fasa dutse, wanda sai da ta yi shekara biyu tana sallama a ƙofarsa kafin ya yarda a taɓa 'ya'yansa.

Mama, na karanta rahotannin manyan taruka masu yawa a kan ceton mata da yara, amma ban gane su ba sai a gwiwoyinki da suka kumbura. Ke ce uwar 'ya'yan da ba ki haifa ba. Ke ce kika zaɓi a ga kuskurenki da a ce jaririya ta shanye. Mun gode, Allah ya saka miki. Masu shigowa aikin nan, ku koyi wannan kafin ku koyi riƙon kwalba.

A bakin famfon nan, Ilyasu ya dubi akwatin ƙanƙarar. Mama ta zauna a kan bulo, akwati a cinyarta, ba ta buɗe ba.

"In na ce a'a fa?"

"Gobe ma zan zo. Bayan ritaya ma, sai dai ba akwati."

Ya dubi mu da muka taru, sannan ya juya wajen labulen ɗakin matarsa.

"Zuhra, fito da yarinyar. Wadda ta faɗa min laifinta ba za ta yi min ƙarya a kan magani ba. A sake mata, yanzu, a gabana."