Injin Hoto na Buhu Goma Sha Huɗu

Buhu goma sha huɗu na shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, na zuba a wannan harka. Da buhu nake lissafi, don kuɗin yanzu ba ya tsayawa wuri ɗaya balle a ƙirga shi. Na saye su ne a bakin gona lokacin girbin rani, a fadamar hanyar Guri, na jibge a sito da niyyar sai tsakiyar damina in fitar, lokacin da shinkafa ke daraja. Haka nake yi duk shekara da ribar shagona na waya da kayan sola a cikin Haɗeja. A waccan shekarar sai na buɗe sito tun da wuri, na mai da shinkafar kwamfuta.

Maƙwabcin shagona ne ya jawo. Mai ɗaukar hoto ne, mutumin Filato, amma a nan ya tashi, don mahaifinsa ya koyar a garin nan har ya yi ritaya. Ina ce masa ɗan dutse, shi kuma Alhaji yake ce mini, in ya so tsokana ya ƙara da "mai sito".

Daminar da ta gabata ruwa ya shiga ƙauyukan fadama. Mutane sun tsira da katifa da awaki, amma hotunan da ke ƙasan akwati sun sha ruwa. Da rani ya yi sai suka fara kawo masa su a leda, wasu sun manne da juna, wasu laka ta bushe a kai, wai ko zai iya gyarawa. Zai iya, amma 'yar kwamfutar cinyarsa ta tsufa. Kafin ta buɗe hoto ɗaya shayi ya huce. Kullum ina bakin ƙofata ina kallon yana ba mutane haƙuri suna komawa da ledarsu. Ɗan kasuwa yana iya jure abubuwa da yawa, amma ban da ganin ana mai da ciniki.

Muka yi magana a tsaye. Ni zan haɗa inji in ba shi wuta daga solata, shi zai yi aiki. Duk abin da ya shigo a raba uku, kashi ɗaya nawa.

Kwamfutar da aka riga aka haɗa ban yarda da ita ba. Ana sayar maka da akwati mai walƙiya, ciki kuwa sai abin da Allah ya yi. Na fara da gyaran rediyo kafin waya, na san ciki ake saye. Muka tafi Kano tare, kasuwar 'yan waya, muka bi shago shago. Babban faifan da ake dasa komai a kai, wanda suke kira madabod, da firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, na saye su sababbi. Ram na cika shi, don mai hoto ya ce shi ne faɗin teburin aiki, in ya yi kaɗan komai sai ya tsaya jira. Akwati da sikana, mai kwafe hoto zuwa cikin inji, na hannu na ɗauka.

A kan katin hoto muka saɓa. Wani mai shago ya zaunar da mu, ya sa wani tsohon hoto mai tsage-tsage a injinsa, ya danna wuri ɗaya. Kafin in gyara zama hoton ya fito tas, kamar jiya aka ɗauka. Ya ce manhajar da kanta take gane inda ya lalace ta cike, amma sai da wannan kati take gudu. Kuɗinsa buhu huɗu.

"Alhaji, ni ido nake buƙata, ba gudu ba," in ji mai hoto. "Ƙara kuɗin a kan allo, mu ɗauki mai nuna launi daidai."

"Ido ai kana da biyu, ɗan dutse. Gudun ne ba ka da shi."

"Hoto ba shinkafa ba ne da za a zuba a inji a tara buhu a ƙasa."

"Komai shinkafa ne in yana da yawa."

Lissafina a fili yake. Da hannu, hoto biyu ko uku zai gyara a yini. Da kati, leda guda. Na sayi katin, muka ɗauki allo matsakaici.

A shagonsa muka haɗa, ƙofa a rufe rabi don kada a dame mu. Na cire takalmi, na taɓa ƙarfen ƙofa kafin in taɓa komai, yadda na saba da kayan waya. Firosesa bai kai kwalin ashana ba, ga shi ya ci kusan buhu uku. Ba a danna shi, ajiye shi ake yi a gurbinsa kamar ƙwai, a rufe. Na ɗiga masa man da ke rage masa zafi kamar ƙwayar wake, na ɗaura fanka a kai. Ram kuwa sai an danna da ƙarfi har ya ce ƙas. Mai hoto ya kau da kai lokacin da nake dannawa, ya ce shi ba zai iya ganin ana karya buhu biyu ba.

Katin ne ya ƙi shiga. Ya fi akwatin tsawo da kamar yatsa biyu. Sai da na kwashe komai, na kai akwatin wurin mai walda ya yanke wani ƙarfe na ciki, na dawo na goge garin ƙarfen da tsumma, na sake haɗawa daga farko. Bakin kowace fanka na rufe da guntun gidan sauro, saboda ƙwarin kogi ba su ga rami mai ɗumi su wuce. Sannan kafinta ya kafa mana kanta a bango, sama da layin da ruwa ya taɓa bari. A unguwarmu abu mai daraja ba ya kwana a ƙasa.

Da muka kunna ta tashi a karon farko. Na lura dai allurar inbata, mai ba mu wutar sola, tana motsi fiye da yadda nake so. Katin nan yana cin wuta kamar dutsen guga.

Aikin farko ya tafi yadda na lissafa. Hotunan biki ne da na sallama daga makaranta, na samari da 'yan mata. A sa a sikana, a danna, a buga. Mutane suna karɓa suna salati. Mai hoto ma ya daina maganar allo.

Sai wata dattijuwa ta zo daga wajen Guri. Dillaliyar busasshen kifi ce, duk wanda ke harkar kifi a nan ya san ta, Iya kowa ke ce mata. Ta zo da ƙunshi guda na hotunan mutanen unguwarsu da suka ba ta amana, da ɗaya nata a naɗe cikin gefen zane. Na yayanta ne, masunci, ya daɗe da rasuwa, kuma duk duniya ba shi da wani hoton sai wannan. Baƙi da fari ne, ya sa hula ya kafe kyamara da ido. Ruwa ya cinye rabin fuskar, ɗayan rabin kuma laka ta ja masa layi layi. Ta ce a ƙara masa girma a sa a gilashi. Ta yi ciniki kamar tana sayen kwandon tarwaɗa, ta tafi.

Mai hoto ya zuba ƙunshin gaba ɗaya a inji. Na ga na yayan a allo bayan an gama. Kyakkyawan mutum, fuska sumul. Ni da shi duk muka yaba.

Ranar da ta dawo ina shagon. Ya miƙa mata gilashin da hannu biyu. Ta riƙe nesa, ta matso da shi kusa, ta juya bayansa.

"To, angona, wannan kuma ɗan wane gida ne?"

"Yayanki ne, Iya."

"Yayana? Ni yayana ko ranar suna bai yi wannan laushin ba. Wannan ai ɗan makaranta ne daga birni. Ina askarsa?"

Ta ɗaga hannu ta shafa nata kumatun. Sai a lokacin na dubi fuskarta da kyau. Tsagar gado ce, dogayen layuka daga gefen ido har haɓa, tsufa ya lanƙwasa su amma suna nan. Mai hoto ya ɗauko tsohon hoton ya kai bakin ƙofa inda haske yake. A cikin layukan da muka ɗauka duk na laka ne, wasu na wanzami ne. Injin bai bambanta ba, ya share duka.

"Har haƙoran ma kun wanke masa," ta ce. "Mutumin da goro bai taɓa barin bakinsa ba. In na rataye wannan a ɗakina, jikoki su ce wa? Ku ba ni na ruwan. Shi ko rabin fuska ne, tasa ce."

Ta fara tattara sauran ƙunshin. A nan na sa baki, don na san ba hoto ɗaya ne zai fita daga ƙofar nan ba, duk Guri ne.

"Iya, a yi haƙuri. Inji ne, bai san mutane ba."

"To kai da ka saya masa, Alhaji, kai ma ba ka san mutane ba?"

Mai hoto ne ya tambaye ta ko askarsu ɗaya da marigayin. Ta ce uwa ɗaya uba ɗaya, wanzami ɗaya, me zai raba? Sai ya jawo kujera ya ce ta zauna ta juya gefe.

"Da tsufana za a yi mini hoton amarya?"

"Kumatun kawai nake so, Iya."

"Ji ɗan nema. Ko marigayi mai gidana bai taɓa neman kumatuna su kaɗai ba."

Amma ta zauna. Ya ɗauki gefen dama, ya ɗauki na hagu. Ya koma kan ainihin hoton ruwan, ya kashe wancan gyara na danna-ka-huta, ya ƙara girman fuskar har ta cika allo. Inda tsagar ta rage ya bar ta, ya cire lakar da ke tsakani ɗigo ɗigo. Inda ruwa ya cinye ya dubi hoton kumatunta ya ja layi. Tana zaune a bayansa tana ba da umarni.

"Wannan ya yi kusa da hanci. Sauko. Shi fuskarsa ta fi tawa tsawo, ba ka gani? Kai, wa ya koya maka aiki?"

Bai gama ranar ba. Da ta dawo ta karɓa, ta daɗe tana kallo, ba ta ce ya yi kyau ba. Cewa ta yi, "Shi ne." Ta biya abin da aka yi ciniki, ba ƙari, ta ajiye masa kifi biyu a takarda.

Muka buɗe sauran ƙunshin a allo ɗaya bayan ɗaya. Duk wani dattijo da dattijuwa an goge su sumul. Akwai wani tsoho mai ido ɗaya, injin ya buɗe masa na biyu. Mai hoto ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya share su duka ya fara daga farko da hannu.

Labari ya riga gyara isa kasuwa. Aka riƙa cewa akwai inji a Haɗeja mai goge wa mutum asali. Wasu 'yan mata ma saboda haka suka zo, a cire musu tasu tsagar a hoto, amma ba su da yawa. Galibin abin da ruwa ya ci hotunan iyaye ne da kakanni, kuma galibinsu da aska. Masu kawowa suka koyi sharaɗi daga wurin Iya: sai dai a yi suna zaune suna kallo. Aiki ya koma biyu ko uku a yini. Kwamfutar dai ba ta sa shi jira, abin da ya nema tun farko ke nan, amma katin yana zaune a ciki yana shan wuta ba aikin fari.

Ban jira farashin katin ya ƙara faɗuwa ba. Na hau kujera na sauko da akwatin, na zare katin, na mai da wayar allo jikin madabod, don tana iya nuna hoto ba tare da shi ba. Wani mai gidan wasan kwamfuta a Malam Madori ya saya, kuɗin buhu uku.

"To yanzu sai a sayi allon, Alhaji mai sito," in ji mai hoto.

"Allon da kake da shi ya nuna maka tsaga ai."

"Bayan tsohuwa ta nuna mini."

"To ka ga ba allo ne ya rage ba."

Kuɗin sito suka koma. Daga baya shi ya tara nasa ya sayi allon da yake so, ban hana ba, ban kuma sa ko kwabo ba.

Da girbin rani ya zagayo na zauna na yi lissafi da farashin ranar. Kasona na shekara ya kama buhu goma. Katin ya dawo da uku. Sha uku ke nan a kan sha huɗu, uwar kuɗi ta yi giɓin buhu ɗaya. Da na bar shinkafar a sito har tsakiyar damina, a yadda kasuwa ta kasance a shekarar, da ta haifi kamar biyar. Don haka abin da na rasa a gaskiya buhu shida ne. Abin da ya rage mini kwamfuta ce mai aiki, ba kati, da kashi ɗaya cikin uku na hoto biyu ko uku a yini. A wannan tafiyar, sai wani girbin kafin in ce na fitar da kuɗina.